Sulallan Rumawa masu hoton soja: da wanne ya kamata a fara?

Abban Sadiq:

Assalamu alaikum malamai. Ina so in fara tara sulallan tsohuwar Daular Rum, amma waɗanda ke ɗauke da abin da ya shafi soja kaɗai: tutocin runduna, sojoji riƙe da mashi, ƙofar sansani, fursunonin yaƙi da makamantansu. Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce dinariyus ɗin azurfa ta jagoran yaƙin Rumawa Markus Antoniyus, mai jirgin yaƙi a gaba da mikiya tsakanin tutoci biyu a baya. Shin daidai ne sabon shiga ya fara da ita, ko akwai abin da ya kamata ya riga ta? Sannan yaya ake karanta rubutun da ke jiki har a san sarkin da kuma garin da aka buga ta? Ina kuma tsoron jabu ƙwarai. Don Allah masu sani su yi mana bayani dalla-dalla.

Malam Tanimu:

Wa alaikumus salam, Abban Sadiq. Shawarata ka jinkirta Antoniyus tukuna, ka fara da tagullar ƙarni na 4. An buga su da yawan gaske, suna da sauƙin samu, masu jabu ba su cika ɓata lokaci a kansu ba, kuma a jikinsu ne ido ke koyon yadda bugun Rumawa na gaskiya yake. Da yawa daga cikin abin da ke bayansu ma soja ne.

Iri uku zan ba ka. Na farko ƙofar sansani, mai rubutun PROVIDENTIAE AVGG idan babban sarki ne, ko PROVIDENTIAE CAESS idan ɗan sarki ne mai jiran gado. Yawancinta an buga ta ne daga 324 zuwa wajen 329, bayan sarki Konstantin ya ci abokin hamayyarsa Lisiniyus da yaƙi. Nauyinta wajen giram 3, faɗinta milimita 18 zuwa 20. Yawanci hasumiya biyu ne a saman ƙofar da tauraro a tsakani. A garin Arles akwai wadda ke da hasumiya huɗu da ƙyaure a buɗe, rubutunta VIRTVS AVGG ko VIRTVS CAESS.

Na biyu GLORIA EXERCITVS, wato ɗaukakar runduna: sojoji biyu a tsaye, kowanne da mashi da garkuwa, tuta a tsakaninsu. Ƙidaya tutocin kawai zai ba ka shekara. Idan biyu ne, 330 zuwa 335 ke nan, nauyi wajen giram 2.5, faɗi 17 zuwa 18. Idan guda ce, daga wajen 336 zuwa 340 ko 341, nauyi ya sauko wajen giram 1.7, faɗi 15 zuwa 16. An rage girman kwandalar ne, fili ya yi kaɗan, aka cire tuta ɗaya. A wasu daga cikin masu tuta guda za ka ga alamar Kirista ta haruffan Girkanci biyu a jikin tutar, kuma ana nemansu fiye da sauran.

Na uku, kuma a ganina mafi daɗin tarawa, FEL TEMP REPARATIO mai mahayin da ya faɗi. Sojan Rum yana soka wa maƙiyi mashi, doki ya durƙushe. An fara ta a 348. Ta farko babba ce, giram 5 da ɗoriya, faɗi 22 zuwa 24. Daga nan aka yi ta rage ta har ta koma wajen giram 2.5 a tsakiyar shekarun 350, kafin a daina ta wajen 358. A wasu na Sisiya da Akwileya za ka ga LXXII a fili, ma'ana guda 72 ake fitarwa daga laba ɗaya ta Rumawa, wato kowacce wajen giram 4.5. Abin lura shi ne mahayin kansa. Wani ya rungume wuyan dokin, wani ya waiwayo ya ɗaga hannu yana kare mashin, wani yana zaune a ƙasa gefen doki. Wani da gemu, wani da hula mai tsini, wani da kitso. Kowane gidan bugu da irin hannunsa. Babbar ta Antakiya ko ta Iskandariya, idan ta fito sosai, har madaurin takalmin sojan da adon garkuwarsa ana gani, kuma ba ta jin kunyar zama kusa da azurfa.

Batun karatu, ka fara daga baya, daga ƙasan layin da mutanen ke tsaye a kai. Nan sunan garin yake a taƙaice. SIS Sisiya ce, a Kuroshiya ta yau. TS ko TES Tasalonika. CONS Konstantinoful. AN ko ANT Antakiya, AL ko ALE Iskandariya, TR Tiriya, LG Liyon, AQ Akwileya. Idan ka ga SM a farko, taƙaicen kalmomin kuɗi mai alfarma ne, harafin da ke biye shi ne garin: SMK Sizikus, SMN Nikomidiya, SMH Hirakiliya. Sai harafi guda da ke nuna sashen ma'aikata a cikin gidan bugun. A gabas da haruffan Girkanci ake ƙirgawa, A, B, Γ, Δ, a yamma kuma P, S, T, Q. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne Arles, domin a 328 an sauya mata suna zuwa Konstantina, sai alamarta ta koma CONST. Ka dubi inda harafin sashe yake: PCONST ko SCONST Arles ce, CONSA ko CONSB Konstantinoful.

Sai ka juyo gaba. Sunayen gidan Konstantin suna kama da juna, harafi ɗaya ke raba su. CONSTANTINVS MAX AVG shi ne uban. CONSTANTINVS IVN NOB C ɗansa ne, Konstantin na II. CONSTANTIVS, ba N kafin VS, Konstantiyus na II. CONSTANS kuma ƙaramin cikinsu. A kan mahayin da ya faɗi, idan sunan CONSTANTIVS ne amma kan ba rawani ba kambi, kuma rubutun ya ƙare da NOB C ko NOB CAES, to Gallus ne, ɗan uwan Konstantiyus na II, wanda ya yi masa mataimaki daga 351 zuwa 354. Da ka haɗa sarki, rubutun baya da alamar gari, sai ka nemi lambarta a kundin RIC, babban littafin da ya jera sulallan sarakunan Rum: juzu'i na VII na ɗauke da 313 zuwa 337, na VIII kuma 337 zuwa 364. Rumbun OCRE na intanet ya jera waɗannan lambobi da hotuna, kyauta.

Dakta Hauwa:

Malam Tanimu ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka. Sai dai ban ga laifi ba idan Abban Sadiq ya sayi Antoniyus guda tun da wuri, matuƙar daga hannun dillalin da ke ba da tabbacin mayar da kuɗi har abada idan ta fito jabu. Abin da mutum ke so shi ke riƙe shi a cikin wannan harka. Amma ya san abin da zai duba.

An buga su a 32 zuwa 31 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don biyan sojojin da suka yi yaƙin Aktiyum ranar 2 ga Satumba na 31. A gaba akwai ANT AVG III VIR R P C. Wannan AVG ɗin muƙamin addini ne na mai duba alamu, ba Augustus ba, domin ba a fara amfani da wancan laƙabi na sarakunan Rum ba sai a 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A baya LEG, wato runduna, da lambarta. Daga II zuwa XXIII su ne ake samu. LEG PRI, ta farko, tana da wuyar samu matuƙa. Uku na ɗauke da suna a cike: XII ANTIQVAE, XVII CLASSICAE da XVIII LYBICAE. Akwai kuma na dogaran shugaban yaƙi da na 'yan leƙen asiri, masu rubutun CHORTIVM PRAETORIARVM da CHORTIS SPECVLATORVM. Wasu lambobi ana rubuta su iri biyu, kamar IV da IIII, ko IX da VIIII, duka na gaskiya ne.

Azurfarsu ba ta kai ta gidan bugu na birnin Rum tsabta ba, kuma wannan ne ya sa suka daɗe. Mutane na ɓoye mai kyau ko su narka ta, su kashe mai gauraye. Shi ya sa ake tono su a cikin kuɗin da aka binne a farkon ƙarni na 3, bayan sun yi sama da shekara 200 suna yawo. Don haka mafi yawansu sun side sosai, da ƙananan alamu da masu canji suka buga don gwada ƙarfen. Waɗannan alamu ba aibu ba ne a idona, shaidar aiki ne. Sabuwa kan kai giram 3.6 zuwa 3.9, wadda ta side kan sauko 3.0 zuwa 3.4. Abu biyu za ka nace a kai: lambar rundunar ta karantu ba da zato ba, kuma ta shiga cikin faifan duka, domin sau da yawa bugun kan karkace ya yanke harafin ƙarshe, XII ta zama kamar XI. Duk lambar da ta haura XXIII ka bar ta. Sannan ka duba kewayen lambar da gilashi: idan filin ya lotsa ko ya fi sauran santsi, an kankare wani harafi ne don mayar da ita mai tsada.

Wani abu da ba na so a tsallake shi ne ƙarshen ƙarni na 2 da ƙarni na 3, domin a nan ne soja ya zama shi ke naɗa sarki. A 193 Seftimiyus Seberus ya dawo da salon Antoniyus, mikiya tsakanin tutoci, da sunayen rundunonin bakin kogunan Rain da Danub da suka mara masa baya. Wadda aka fi samu ita ce LEG XIIII GEM M V, rundunar da ke Karnuntum inda aka ɗaga shi sarki. Rundunonin gabas da suka bi Fesenniyus Nijar ba sa cikin jerin. Wajen 260 kuma Galliyenus ya buga nasa jerin a Milan, kowace runduna da tambarinta: bijimi na VII Claudia, doki mai fukafukai na II Adiutrix, rabin mutum rabin doki na II Parthica. Waɗannan azurfarsu kaɗan ce, bugun kuma sau da yawa mai rauni, sai a yi haƙuri da su. Tsakanin 235 da 284 za ka yi ta ganin FIDES MILITVM da CONCORDIA MILITVM, amanar soja da haɗin kan soja, a lokacin da yawancin sarakuna a hannun sojoji suke mutuwa. Saƙo ne ga mai karɓar albashi. Wanda ke son kwalkwali da mashi da garkuwa a gefen gaba, ya nemi Furobus, 276 zuwa 282, da rubutun VIRTVS PROBI AVG. XXI da ke ƙasan layinsu na nufin kaso ɗaya na azurfa ga kaso ashirin na tagulla, wajen kashi 5 cikin 100, tsarin da Aureliyan ya kawo a 274.

IVDAEA CAPTA ta Besfasiyan, wadda ta biyo bayan cin Kudus a shekara ta 70, da jerin EXERCITVS na Hadiriyan, a bar su sai ido ya nuna. Suna da tsada kuma an fi taɓa su da wuƙar gyara.

Abban Sadiq:

Na gode ƙwarai, Malam da Dakta. Zan fara da sojoji biyu da mahayin, in sa ido kan Antoniyus guda mai lamba a fili. Saura batun jabu: da wane kayan aiki ake gwadawa a gida? Kuma na ga ana sayar da waɗanda ba a wanke ba a dunƙule, suna da amfani? A hotunan wasu ina ganin kore mai haske a jiki.

Baba Liman:

Kayan aiki huɗu sun isa, ɗana: sikeli mai auna 0.01 na giram, ma'aunin faɗi na milimita, gilashin ƙara girma sau 10, da fitila guda da za ka iya kwantar da haskenta daga gefe. Mayen ƙarfe ƙari ne. Azurfa da tagulla ba sa manne masa, wadda ta manne ka ajiye ta gefe.

Jabu iri-iri ne, kowanne da inda yake tonuwa. Na zubi shi ne mafi yawa. Rumawa bugawa suke yi: a ɗora faifan ƙarfe tsakanin hatimi biyu a sauke guduma, ƙarfe ya kwarara daga tsakiya zuwa gefe. Wannan kan bar siraran layuka da ke fita daga haruffa zuwa baki, kuma inda harafi ya haɗu da fili akwai kusurwa mai kaifi. A zubi haruffa kan narke cikin fili, za ka ga ƙananan ramuka masu zagaye inda iska ta maƙale, da ƙananan ƙurajen ƙarfe a lungunan haruffa. Ramin tsatsa ba ya zagaye sumul, bakinsa a yage yake. Sai ka dubi baki: layin haɗi da ya zagaye kwandalar, ko sawun zarto inda aka goge shi. Tsagar baki ta gaskiya tana shiga ciki da kaifi, ta zubi kuwa a cike take da ƙarfe.

Na biyu wanda aka buga da sabon hatimi. Wannan ba shi da ramuka ko layin haɗi, sai salo ya tona shi: ido, haruffa masu daidaito fiye da kima, fili shimfiɗe lebur saboda injin matsi aka yi amfani da shi maimakon guduma. Hanya mafi inganci ita ce kwatanta hoto da rumbunan jabu da masu tarawa ke ajiyewa a intanet. Kwandala biyu na gaskiya na iya fitowa daga hatimi ɗaya, amma ba za su zo da siffar baki ɗaya, karkata ɗaya da ƙarzuwa ɗaya ba. Idan ka ga tagwaye haka, aƙalla ɗaya jabu ce.

Na uku jabun zamanin Rumawa kansu: cikin jan ƙarfe, waje siririn rufin azurfa. Za ka gane shi da nauyi, dinariyus ɗin Antoniyus da ba ta side ba amma tana ƙasa da giram 3, da kuma kore ko ja da ke leƙowa ta inda rufin ya fashe. Tsohon abu ne na gaske kuma ana tara shi, sai dai a sayar da shi da sunansa. Haka mahayin da ya faɗi: a Birtaniya da Faransa ta yau an yi kwaikwayonsa da yawa a wancan zamani, ƙanana, wasu ba su kai milimita 12 ba, da rubutun da ba ya karantuwa.

Na huɗu kwandala ta gaskiya da aka yi wa gyara, kuma ya fi yawa a manyan tagulla. A sassaƙa gashi da sulke sabo, a goge fili, a shafa launi. Alamarsa ita ce rashin jituwa: kunci da kafaɗa sun side amma gashi kaifi. Auduga da asiton kan ɗebo launin da aka shafa, ba ta taɓa fatar da shekaru suka yi.

Waɗanda ba a wanke ba kuwa, an riga an tsince masu kyau kafin su iso kasuwa. Don koyon wanki suna da amfani, don gina tari babu. Kwandala guda mai karantuwa ta fi goma da ba a gane sarkinsu.

Kada ka raina takarda. Ka ajiye rasit, tsohon tikitin dillali, lambar gwanjo da hoton ranar saye. Ƙasashe irin su Italiya, Girka, Turkiyya da Masar na da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi, wasu ƙasashe kuma na binciken shigo da su, don haka ka tambayi dillali tarihin mallakar kafin ka biya. A gwanjo ka lissafa ladan gidan gwanjo, wanda kan kai wajen kashi 20 cikin 100 a kan farashin da aka buga, ban da kuɗin aikawa.

Malam Tanimu:

Koren da ka tambaya iri biyu ne. Mai tauri, mai sheƙi, wanda farce ba ya kankarewa, fata ce mai kare ƙarfe, ita ce ma ke ƙara wa kwandala daraja. Mai haske, mai laushi kamar garin alli, wanda tsinke ke tonowa ya bar rami, shi ne cutar tagulla. Gishirin kuloraid ne da ya shiga ƙarfen a cikin ƙasa. Idan ya haɗu da laima da iska sai ya haifar da asid, asid ya ci jan ƙarfe, ya sake samar da gishirin, haka zai yi ta juyawa har ya huda kwandalar.

Idan ka gan shi, ka ware ta daga sauran nan take. Ka tone garin duka da tsinken gora a ƙarƙashin gilashi har ka kai ga ƙarfe mai tauri. Sai jiƙo a ruwan da aka tace ta tururi, domin ruwan famfo na ɗauke da kuloraid ɗin da kake son fitarwa. Idan ya yi zurfi, a zuba sodiyam seskwikabonet giram 5 a ruwa mililita 100. Idan ba a same shi ba, ana haɗa sodiyam kabonet giram 10.6 da sodiyam baikabonet giram 8.4, a ɗebi giram 5 daga haɗin. Ana sauya ruwan duk mako, ana gogewa da buroshi mai laushi, tsawon makonni da dama. Wannan ƙarfin na iya cin fatar ko ya sauya mata launi, don haka mai kyakkyawar fata a yi mata giram 1 zuwa 2, a ƙara lokaci. Bayan nan a ɗauraye, a busar a wuta mai sauƙi wajen digiri 100 na rabin awa, ko a tsoma a asiton a bar shi ya bushe. Wasu na ƙarawa da benzotirayazol kashi 3 cikin 100 a giyar asibiti, da safar hannu domin yana da guba. Kada a shafa kakin kariya sai an sa ido wata biyu ko uku ba a ga garin ya dawo ba. Kaki a kan cuta mai rai rufe ta kawai yake yi, tana ci daga ƙasa.

A wanki na yau da kullum, ruwan tururi, buroshi da tsinken gora sun wadatar. Ruwan lemun tsami, ruwan khal da wankin lantarki na tuɓe fata su bar ƙarfe mai ramuka. Man zaitun na baƙanta ta kuma yana da ɗan asid. Ƙofar sansani da sulallan Furobus kan zo da siririn rufin azurfa, wanda buroshin ƙarfe ke sharewa a shafa ɗaya. Tsohuwar azurfa kuma kan yi gautsi daga ciki, don haka a riƙa duba dinariyus a kan tebur mai shimfiɗa, a kama ta ta baki.

Wajen ajiya, a guji ledar PVC mai laushi, domin tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. A yi amfani da ambulan takarda marar asid ko leda mai tauri ta foliyesta, a sa a akwati mai rufuwa da ƙwayoyin silika, a riƙe laima ƙasa da kashi 40 cikin 100. A jikin kowane ambulan ka rubuta sarki, rubutun baya, alamar gari, nauyi, faɗi, lambar RIC da inda ka saya. Tagullar ka riƙa fito da ita duk wata biyu ko uku ka duba lungunan haruffa da baki, domin a nan garin ke fara fitowa.